Daga Ramin Kuza Zuwa Naira 70,000: Yadda Magabatanmu Suka Nemi Ƙarin Albashi



Da yawa cikin matasanmu na Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa a ƙarƙashin wani suke aiki. Wata tana koyarwa a makarantar kuɗi, wani yana tsaron shago a Kwanar Dangora, wani yana injin casar shinkafa a Tudun Wada, wani kuma yana ƙwadago a gonakin rani masu shan ruwan Tiga. Kuɗin da aka yanka musu shekara biyu ko uku da suka wuce shi ne har yau, alhali kwanon masara da kuɗin mota sun yi gaba sun bar su. Kowa ya san albashin ba ya kai ƙarshen wata, amma baki ya yi nauyi. An rene mu da kunya, an koya mana haƙuri da godiya, har mutum yakan ga kamar in ya ce wa maigida "a duba ni" ya yi rashin tarbiyya, ko ma ya yi zunubi. Wani kuma tsoro ne ya riƙe shi, don ya san masu neman aikin sun fi aikin yawa.

Wannan damuwa ta girme mu. Kakanninmu da iyayenmu sun sha fama da ita, kuma abin da suka yi yana nan a rubuce. In muka bi tarihin za mu ga cewa da wuya a sami ƙarin albashin da ya zo ba tare da wani ya buɗe baki ya nema ba, kuma waɗanda suka fi samun biyan bukata su ne waɗanda suka je da lissafi a hannu.

Riruwai: lokacin da lebura ke magana da ƙafarsa

Tun kafin zuwan Turawa, mutanen Riruwai da ke ƙasar Doguwa ta yau sun san kuza. Sukan wanke ta daga yashin rafi, su narka ta, su zuba ta siri-siri kamar tsinke, fatake su kai kasuwanni. Wannan ƙarfe da Turawa suka gani a hannun fatake shi ya sa suka bi sawunsa a farkon shekarun 1900. Kafin a jima kamfanonin Ingila sun mamaye filayen kuza tun daga tsaunukan Jos har zuwa Riruwai. Maƙeran gargajiya suka koma gefe, aikin kuza ya zama na kamfani da lebura.

Yawancin leburorin manoma ne. Da an gama girbi sai su tafi bariki neman kuɗin haraji da na sutura, heluma ya rubuta su, a biya su mako-mako. Ba su da ƙungiya, ba su da mai rubuta musu takarda. Abin da suke da shi kawai ƙafa ce. In wannan bariki ya rage kuɗi ko abinci ya yi tsada, sai su naɗe tabarma su koma wani. In damina ta faɗi, sai su koma gona. Kamfanoni sun yi ta kukan ƙarancin leburori, domin mutumin da ke da gona a gida ba a iya matsa shi har bango.

A 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, Japan ta ƙwace Malaya, ƙasar da Ingila ta fi dogara da ita wajen kuza. Bukatar kuzar Nijeriya ta tashi. A ƙa'idar ciniki, in kana son ƙarin hannu sai ka ƙara kuɗi. Gwamnatin mulkin mallaka ba ta bi wannan hanya ba. Sai ta umarci hukumomin En'e su tara mata mutane da ƙarfin tsiya, abin da talakawa suka sa wa suna "ɗiban gwamna". Daga 1942 zuwa 1944 aka kwashi dubun-dubatar manoma daga lardunan Arewa zuwa filayen kuza na Jos. Sanyin tsauni, ƙarancin abinci da cututtuka suka kashe da yawa, da yawa kuma suka gudu, har dai aka soke tsarin a 1944.

Ya kamata mu riƙe wannan a zuciya. Ikon tambayar "nawa za a biya ni?" da ikon cewa "bai ishe ni ba" abu ne da aka taɓa ƙwacewa daga hannun talakan Arewa. Wanda yake da shi yau kada ya raina shi.

Rabaran a gaban layi

Kafin wannan lokaci, a Kudu, ma'aikata masu ilimin boko sun fara haɗa kai. A 1931 aka kafa ƙungiyar malaman makaranta ta Nijeriya, wadda aka fi sani da NUT. Shugabanta na farko ma'aikacin ikilisiya ne, Rabaran Israel Oludotun Ransome-Kuti na ɗarikar Angilikan, kuma ya riƙe ta har zuwa 1954. Yawancin 'yan ƙungiyar a makarantun mishan suke koyarwa, albashinsu bai kai na malaman gwamnati ba ko da aikin iri ɗaya ne. Ke nan wani ɓangare na kukansu a gaban hukumomin ikilisiya aka kai shi, kuma Rabaran ne ya shige gaba. Bai ga wani saɓani tsakanin tsayawa a bagade ran Lahadi da neman haƙƙin malami ran Litinin ba.

A 1938 gwamnati ta yi dokar da ta halatta rajistar ƙungiyoyin ƙwadago. A nan Arewa kuma, Malam Aminu Kano da abokansa suka kafa ƙungiyar malaman makarantun Arewa a 1948, don a gyara albashi da matsayin malami.

1945: kwana 44 jirgi bai motsa ba

Yaƙi ya kawo tsadar da ba a taɓa gani ba. A 1942 ma'aikata suka matsa har gwamnati ta ba su alawus na tsadar rayuwa. Farashi ya ci gaba da hawa, alawus ɗin ya tsaya inda yake. A farkon 1945 ƙungiyoyin ma'aikatan gwamnati suka rubuta takarda da bukatu biyu a fili: a ƙara alawus ɗin da kashi 50 cikin 100, kuma kada lebura ya sami ƙasa da sule 2 da sisi a rana. Gwamnati ba ta musa cewa kaya sun yi tsada ba, amma ta ce ƙarin kuɗi zai ƙara tsadar ne kawai. Ma'aikata suka ba da wa'adin wata ɗaya.

Da wa'adin ya cika, wasu shugabanni suka so a ɗaga. Michael Imoudu, shugaban ma'aikatan jirgin ƙasa, wanda bai daɗe da fitowa daga tsare ba, ya tsaya a kan a tafi, jama'a kuma suka bi shi. Daga 22 ga Yuni 1945 jiragen ƙasa suka tsaya, gidan waya da tashar jiragen ruwa suka yi tsit. Yajin ya hau layin dogo har Zariya da Kano. Ya yi kwana 44 a Legas, a wasu larduna ma ya fi haka. Masu gidajen haya da matan kasuwa suka tallafa wa ma'aikata da sassauci da abinci. Daga baya gwamnati ta kafa hukumar bincike ta Tudor Davies, wadda a 1946 ta tabbatar da cewa kukan ma'aikata gaskiya ne, aka ƙara alawus ɗin.

A lura da yadda abin ya bi daki-daki. Takarda ce ta fara zuwa, ɗauke da adadi, sannan wa'adi, sannan yaji. Kuma hujjar da ta ci a gaban hukuma ita ce farashin abinci da kuɗin haya, abin da kowa zai iya zuwa kasuwa ya gani da idonsa.

Ba kowane nema ne ya ƙare lafiya ba. Ran 18 ga Nuwamba 1949, a mahaƙar kwal ta Iva da ke Inugu, 'yan sanda suka buɗe wuta kan ma'aikatan da ke takaddama da hukuma kan haƙƙoƙinsu, suka kashe 21. Samun 'yancin kai ma bai kawo ƙarshen jayayyar ba. A 1964 hukumar Mai Shari'a Morgan ta ba da shawarar fam 12 a wata ga ƙaramin ma'aikaci a Legas, ƙasa da haka a sauran yankuna. Gwamnatin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa ta yi jinkiri, sannan ta yi tayin abin da bai kai haka ba. Ma'aikata suka yi yajin kusan mako biyu a watan Yuni, aka koma teburi, aka daidaita a tsakani.

Kano, 1971: kuɗin Adebo

Labarin da ya fi kusa da mu ya faru ne a Bompai, unguwar masana'antu ta Kano. A lokacin yaƙin basasa, daga 1967 zuwa 1970, albashi ya tsaya cik, gwamnatin soja kuma ta hana yajin aiki da doka. Da yaƙi ya ƙare, gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa hukuma a ƙarƙashin Cif Simeon Adebo don ta duba albashi. A Disamba 1970 hukumar ta ba da shawarar ƙarin wucin gadi: sule 1 da kwabo 7 a rana ga masu aikin yini, fam 2 a wata ga ƙananan masu albashi, kuma a lissafa tun daga watan Afrilu, wato har da ariyas na watanni.

Ga ma'aikacin gwamnati magana ta ƙare. Ga na kamfani kuwa yanzu aka fara. Maganar gwamnati kan ko ƙarin ya shafi kamfanoni masu zaman kansu ta yi ta sauyawa, masu masana'antu da yawa suka sami wurin fakewa. A Bompai akwai masaƙu, matatun man gyaɗa, kamfanonin alewa, turare da takalma, da yawansu na 'yan Lebanon da Turawa. Leburorin kuwa yawancinsu mutanen karkara ne da suka shigo birni neman abin kai, irin yayyenmu da baffanninmu. Wani mai bincike ɗan Amurka, Paul Lubeck, ya zauna cikinsu a waɗannan shekaru, ya kuma rubuta abin da ya gani. A yawancin masana'antun babu ƙungiyar ƙwadago mai ƙarfi, inda take kuma leburori ba su cika yarda da jami'anta ba. Duk da haka ba su zauna jiran tsammani ba. Sun ji a rediyo abin da aka yanka, sun san abin da ya hau kan kowa. Suka haɗa kai a tsakaninsu, suka tunkari masu kamfani, inda aka toshe musu ƙofa suka ajiye aiki. Cikin 1971 yajin ya bi masana'antu ɗaya bayan ɗaya, har masu kamfani da dama suka biya.

Mutanen nan ba su da digiri, da yawansu ko takardar boko ba sa karantawa. Abin da suka riƙe shi ne sanin adadin da ya kamace su, da kuma tsayuwa tare. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kuma labarin ya nuna wani abu da har yau bai sauya ba: sanarwar gwamnati daban, kuɗi a aljihun ma'aikacin kamfani daban, tsakaninsu sai an yi magana.

Udoji: kuɗi ya zo, kasuwa ta ji

Dattawanmu har yanzu suna tuna "kuɗin Udoji". A 1974, shekarar da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a ƙasar Bebeji, kuɗin man fetur ya cika baitulmali. Hukumar Cif Jerome Udoji ta miƙa rahotonta, gwamnati ta ɗaga mafi ƙanƙantar albashinta daga naira 312 zuwa naira 720 a shekara, ta kuma biya ariyas tun daga Afrilu 1974. A farkon 1975 ma'aikata suka karɓi kuɗin watanni a dunƙule. Aka sayi rediyo, keke da babur, aka yi aure.

'Yan kasuwa ma suna da kunne. Kaya ba su ƙaru ba, kuɗi ne suka ƙaru, don haka farashi ya tashi. A 1975 hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100. Ma'aikatan kamfanoni da waɗanda suka ga an rage su suka shiga yaji bi da bi. Manomi da ɗan ƙwadago, waɗanda ba su sami Udoji ba, tsadar ta same su daidai da kowa. Tun daga nan mai hankali ya gane cewa ba a auna albashi da yawan takardun kuɗi. Ana auna shi ne da kwano nawa zai saya.

Dokar mafi ƙarancin albashi, da waɗanda ta bari a waje

A 1978 aka kafa ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, NLC. A Mayu 1981, a ƙarƙashin Hassan Sunmonu, ta yi yajin gama-gari tana neman naira 300 a wata. Gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta daidaita da ita a kan naira 125, aka yi dokar mafi ƙarancin albashi ta ƙasa. Daga nan adadin ya yi ta hawa: naira 5,500 a 2000, naira 18,000 a 2011, naira 30,000 a 2019. Bayan cire tallafin man fetur a Mayu 2023, ƙungiyoyin ƙwadago suka fara da neman naira 615,000, suka yi yaji a Yuni 2024, aka sauka a kan naira 70,000 a watan Yuli. Gwamnatin Jihar Kano ta sanar da naira 71,000 ga ma'aikatanta a Oktoba 2024.

Adadin ya yi girma a ido, amma a duba. A 1981 naira ta fi dalar Amurka daraja, naira 125 ta kai kimanin dala 200. A ranar da aka sa hannu kan naira 70,000, ba ta kai dala 50 ba. Ke nan wanda bai nemi ƙari ba shekara da shekaru, a zahiri an rage masa albashi ne ba tare da an faɗa masa ba.

Abu na biyu ya fi shafar mu. Dokar ba ta hau kan wurin aikin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Ba ta rufe masu aikin gona na lokaci-lokaci ba, haka masu aikin jinga da na kamasho. A ƙirga 'yan zumuntarmu: malamar ƙaramar makaranta, yaron shago, mai injin niƙa, mai dashen shinkafa, yarinyar da ke aikin gida a Kano ko Kaduna. Kusan duka suna waje. Ba wata hukumar Adebo ko Udoji da za ta zauna dominsu. Abin da zai shiga aljihunsu ya rataya ne a kan maganar da za su yi da maigida ido da ido.

To, yaya za a yi maganar?

Mai tambaya ko neman ƙari ya dace da mai bi, ya karanta Farawa sura 30 da 31. Yakubu ya yi wa kawunsa Laban kiwo shekara 20, aka sauya masa lada sau 10. Da ya tashi magana bai yi zagi ba. Ya tuna wa Laban yadda dabbobin suke kaɗan kafin zuwansa da yadda suka yawaita a hannunsa, ya ce lokaci ya yi da zai kula da nasa gidan, sannan ya faɗi ladan da yake so a fili. Wani zai kawo Luka 3:14, inda Yohanna Mai Baftisma ya ce wa sojoji su gamsu da albashinsu. A karanta ayar gaba ɗaya: yana hana su ƙwace da ƙazafi ne, wato cike giɓin albashi daga aljihun talaka. Wanda ya je gaban maigida da rana tsaka ya faɗi bukatarsa ya fi kusa da wannan koyarwa a kan wanda ya yi shiru yana ɗan taɓa kuɗin ciniki.

Daga abin da muka gani a tarihi, ga abin da za a iya ɗauka.

Ka je da lissafi, kamar mutanen 1945. Rubuta kuɗin kwanon masara, kuɗin mota da na haya a ranar da aka yanka maka albashi, ka rubuta na yau. Ka haɗa da aikin da ya ƙaru a kanka: aji biyu sun zama uku, ko makullin shago ya dawo hannunka.

Ka san abin da ake biyan irin aikinka a wasu wurare, kamar leburorin Bompai. Sannan ka faɗi adadi. "A taimaka a duba ni" takan ƙare a kan "to, za mu gani". Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ka zaɓi lokaci da wuri. Bayan girbi, bayan an karɓi kuɗin makaranta, ko bayan ciniki ya yi kyau, ka nemi ganin maigida shi kaɗai. Kada a gaban masu sayayya, kada kuma ranar da ranka yake a ɓace. Gaisuwa da ladabi ba sa rage wa hujja ƙarfi. In ku da yawa ne abin ya shafa, ku daidaita bakinku, ku tura mutum biyu masu natsuwa.

Ka bar ƙofar daidaitawa a buɗe. An nemi naira 300 an karɓi 125, an nemi 615,000 an karɓi 70,000. Mai ƙaramar sana'a shi ma tsadar tana cinsa. In kuɗi ba su samu yanzu ba, akwai abincin rana, kuɗin mota, ko kwanakin zuwa gona da damina. Abin da aka amince a kai a rubuta shi, ko a yi shi gaban shaida, tare da watan da zai fara.

In an ƙi, kada ka rama da ha'inci ko sakaci. Ka ci gaba da aikinka da aminci, ka nemi wani wuri, ka yi sallama ta mutunci. Kuma kada ka yar da gona ko sana'ar hannu. Leburan kuza ya iya juya baya ne domin yana da inda zai koma.

Kalma ta ƙarshe ga iyayenmu da yayyenmu a cikin ikilisiya waɗanda suke ɗaukar ma'aikata, har da kwamitocin makarantunmu da masu kula da albashin ma'aikatan majami'a. Littafin Firistoci 19:13 ya hana a kwana da ladan ɗan ƙwadago, Yakubu 5:4 kuma ya yi kashedi mai tsanani ga mai danne ladan masu girbi. Yaron da ya zo muku da wannan magana wataƙila ya yi wata uku yana juya ta a ransa kafin ya iya furtawa. Ku zaunar da shi ku saurare shi. In akwai hali ku ƙara, in babu ku buɗe masa lissafi ya gani, ku sa ranar da za a sake dubawa. Mafi kyau ma, ku riƙa dubawa kowace shekara tun ba a tambaye ku ba.

Ubangiji ya sa albarka a aikin hannuwanmu, ya ba masu nema hikimar magana, ya ba masu biya zuciyar adalci. Amin.